Sawun da Ke Gefen Tayar Jif

Jif ɗin Alhaji Mas'ud ta tsufa har ba mai iya rantsuwa kan ainihin launinta, amma ita kaɗai ke shiga fadamar Karaye ta kwaso albasa ta kai kasuwar Aliero. Ranar Talatar da abin ya faru, maza na sallame Azahar a masallacin bakin gona sai suka ji ƙara mai ƙarfi daga gangare. Suka fito da gudu, suka tarar da jif kwance a kwari, tayoyi biyu a sama, buhuna sun fashe, albasa ta bazu ko'ina. Wani mutum ya rarrafo daga gefenta yana riƙe da kafaɗa, ya waiwayo sau ɗaya, ya faɗa cikin duhuwar kalgo. Kowa ya gane shi, Waliyyu ne.

Ba a ɓata lokaci wajen yanke hukunci ba. Waliyyu ya taɓa satar babur yana saurayi, ya yi zaman kaso a kai. Tun dawowarsa yake ƙwadagon cire albasa, bai ƙara ɗaukar ko allura ba, amma ko akuya ta makara a kiwo sunansa ake fara kira. Kowa kuma ya san jif ɗin ba ta buƙatar makulli. Abin tayar da injinta ya mutu tuntuni, shi ya sa Alhaji ke ajiye ta kan tudu, in zai tafi ya haɗa wayoyi biyu, ya sake ta ta gangara, ta kama da kanta. Ɓarawo ma haka zai yi.

Umar Faruk, shugaban 'yan banga, ya tara yaransa da gorori. Maigari ya ce a dakata, ba za a shiga daji da fushi ba, a kira Mamuda mai bin sawu daga Maiyama. In an kamo Waliyyu, a miƙa shi ga hukuma, kuma ya bar Karaye ke nan har abada.

Mamuda ya iso bayan La'asar a bayan ɗan acaɓa. Dattijo ne siriri, mai yawan tsaki, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata. Yana ganin kwarin ya ja tsakin farko, domin duk garin ya riga ya tattake wurin, har da masu tsintar albasa don Allah.

"Baba Mamuda, ba sai ka wahala ba," in ji Umar Faruk. "Mun san ko wa na. Nuna muna inda yab bi kawai."

"In kun san komi, mi kunka kira ni in yi?" Mamuda ya ce, ya juya wurin mai motar. "Alhaji, ina kab bar ta?"

Alhaji Mas'ud ya nuna kan tudu, gefen gonar Magaji. Mutum ne mai jiki, jif ɗin nan kuma ita ce abincin gidansa.

"Ka ja birkin hannu?"

"Na ja. Satin da yaw wuce nik kai ta Jega wurin Kamaluddeen bakanike."

"Ka tokare taya?"

"Na tokare. Ni ba yaro ba na."

Mamuda ya hana kowa binsa, ya hau tudun shi kaɗai. Can sama ba a tattake ba, saboda wurin ya yi caɓi, mutane kuma na kaffa-kaffa da takalmansu. Ya ga ramukan da tayoyi suka zauna. Ya ga sawun Alhaji mai faɗi ya zo wurin tayar, ya durƙusa, ya koma. Bai ga dutse ba, bai ga katako ba, bai ma ga gurbin da wani ya zare wani abu ba. Sai jan laka da taya ta bi ta kai ta baje shi, da guntayen busasshiyar ciyawa a ciki. Ƙasar fadama baƙa ce, to daga ina jan laka ya fito? Ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a ƙyalle, ya sa aljihu.

Ya bi sawun tayoyin yana gangarawa a hankali. Sai da ya kai tsakiyar gangaren sannan ya ga sawun Waliyyu, kuma ba daga sama ya fito ba, daga gefe ya ratso, ta cikin kunyoyin albasa. Mamuda ya daɗe tsugune a nan. Da ya ɗaga kai ya bi layin tayoyin da ido, sai ya ga inda suka dosa kafin su karkace, ya ji gabansa ya faɗi. Ya miƙe ya koma wurin jama'a.

"Rana ta yi sanyi, idona ba shi gani," ya faɗa wa Umar Faruk. "Sai da sahe."

Ƙarya ce, idon Mamuda ƙalau yake. Ya ga inda Waliyyu ya bi sarai, amma ya ga gororin ma.

Ya fara da Magaji, tunda tuni an soma raɗe-raɗin cewa shi ya saka Waliyyu. Magaji da Alhaji sun yi cacar baki a farkon kaka kan jif ɗin da ke danne masa bakin kunya. Mamuda ya same shi yana naɗe tiyon ban ruwa.

"An ce ka rantse sai ka ga bayan motar ga."

"Na hwaɗi, kuma gaban jama'a nih hwaɗi," in ji Magaji. "Amma ni da baki nika hwaɗa. Yau ko kallonta ban yi ba. Na tada injin ban ruwa, na sa ruwa ga kunya, nit tahi salla. Liman shaida na, sahun gaba nike."

Mamuda ya shafa tiyon, ya ji inda aka ɗaure shi da robar taya. "Nan shina zuba?"

"Tun bara. Kaɗan na, bai kai a damu ba."

"Ina ruwan ka bi in ya zuba?"

Magaji ya nuna da haɓa. Ruwan yakan bi ramin hanyar mota ne ya sauka. Mamuda ya yi masa sai an jima, ya bar shi yana mita.

Daga nan ya sallama a gidan Gudiya, mahaifiyar Waliyyu. Tsohuwar na zaune bakin murhun da ba wuta, maƙwabta kuma ba wadda ta leƙo.

"In kin san inda shike, Inna, kada ki hwaɗa min," in ji Mamuda. "Abu guda nika tambaya. Mi yah hana shi salla cikin jam'i yau?"

"Shi ka tsaron albasar da anka cire in maza sun tahi masallaci. In sun dawo shi yi tashi." Ta share ido da bakin zane. "Aikin da kowa ba shi so shi anka ba shi. Malam, ɗana ya yi sata, ban ɓoye ba. Amma ya rantse min bisa kabarin ubanai, kuma ni na yarda. In sunka kore shi, ni wa za shi rufe?"

Mamuda bai iya lallashi ba, bai kuma taɓa koya ba. Ya ce ta hura wuta ta ɗora tukunya, ya fita.

Da sassafe ya hau mota zuwa Jega. Garejin Kamaluddeen na bayan tasha, inda ƙasa ta yi baƙi da mai. Labari ya riga Mamuda isa, har an ƙara masa gishiri, wai bakanike ya yi aikin banza birki ya saki. Kamaluddeen ya fito daga ƙarƙashin wata mota a fusace.

"Ni za a ɓata ma suna? Zo ka gani, Baba."

Ya kai shi cikin rumfa, ya nuna wata sabuwar waya mai kauri rataye a ƙusa, ko ledarta ba a cire ba.

"Wayar birkin hannunai ta. Tashi ta tsinke tun damina, ruwa da laka sunka cinye ta. Ya zo satin da yaw wuce, gaskiya na, amma taya yac canza. Nic ce Alhaji ka ba ni wuni guda in sa ma wagga, in duba takalman birkin baya, in gyara giyar da ka hita da kanta in kaya sun yi nauyi. Yac ce albasa ba ta jira, sai bayan kaka. Yanzu in ka ja hannun birkin nan zuwa sama shika yi, amma ba abin da shika riƙewa."

"To da mi shika tsai da ita?"

"Da wani guntun katako da shika yawo da shi."

Mamuda bai zarce Karaye ba, ya sauka Aliero. A rumfar 'yan albasa, inda Alhaji ke sauke kaya, ya tambayi masu ɗinkin buhu. Ɗaya ya ɗaga cinya ya nuna masa abin da yake zaune a kai. Katakon ne, mai gurbin taya a jiki. Alhaji ya manta shi nan tun ranar Litinin. Mamuda ya karɓa ya saɓa a kafaɗa kamar mai kai guzuri.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da ya shiga duhuwar kalgo shi kaɗai, ta bayan gari don kada 'yan banga su gan shi. Sawun ba wuya, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba takalmi, ga ɗigon jini nan da can. Ya kai shi wata tsohuwar rumfar ajiyar albasa da aka daina amfani da ita. Waliyyu na kwance a ciki, hannunsa na dama ya kumbura, yatsun ƙafarsa sun sale, leɓensa ya bushe. Da ya ga inuwar mutum ya yunƙura zai gudu, ya kasa.

"Zamna, ni kaɗai na," in ji Mamuda, ya miƙa masa goran ruwa. Sai da ya sha ya numfasa sannan ya tambaye shi, "Mi yas sa kag gudu?"

"Baba, na ga idanunsu. Wa za shi tsaya shi saurare ni? Ko ni nig ga Waliyyu ya hito daga motar mutane, ɓarawo zan ce."

"Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na kashe ma Alhaji mota."

Mamuda ya dube shi. Shekara da shekaru yana bin sawun mutanen da suka yi ɓarna suna musu, yau ga wanda ya yi alheri yana jiran duka. Ya cire rawaninsa ya ɗaure masa hannun, ya ce ya jira a nan har a aiko.

Bayan Azahar Mamuda ya roƙi maigari a taru kan tudun, ba a zaure ba. Aka zo da Alhaji Mas'ud da Magaji, Kamaluddeen ma ya biyo da kansa daga Jega da wayarsa a hannu don wanke suna. Umar Faruk na tsaye gaba da gorarsa. Gudiya ta tsaya can nesa ita kaɗai.

"Ranka shi daɗe, ba wanda yat taɓa motar ga sa'ad da tat tashi," in ji Mamuda. Ya ajiye katakon a gaban Alhaji. "Wanga Aliero yak kwana tun Litinin. Alhaji, da mi kat tokare taya jiya?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce ya duba bai ga katakon ba, fadama kuma ba dutse ko na jifa, sai ya ɗauko tubali daga rusasshen rumbun da ke can.

Mamuda ya aika aka ɗauko wani tubalin, ya ajiye shi daidai ramin tayar, ya ce Magaji ya tada inji. Mutane suka zuba ido. Ruwan da ke tsiyaya daga ɗaurin tiyo ya biyo ramin hanya a hankali, ya zo ya kewaye tubalin. Ba a jima ba gindinsa ya yi duhu. Mamuda ya ɗora ƙafa ya danna kaɗan, tubalin ya baje ya zama jan laka, ga guntayen ciyawar da aka kwaɓa shi da ita. Ya kwance ƙullin da ya ɗiba jiya ya ajiye a gefe, ba bambanci.

"Birkin hannu kuwa, Kamaluddeen shi hwaɗi."

Kamaluddeen ya ɗaga sabuwar wayar kowa ya gani. Alhaji ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Gaskiyatai. Kunya tas sa nic ce an gyara."

"To mi yak kai Waliyyu cikin motar?" Umar Faruk ya tambaya, har yanzu bai sauke gorar ba.

"Bai shiga ba," in ji Mamuda. "Biyo ni, kai musamman."

Mamuda ya gangara da su zuwa tsakiyar tudun, ya nuna musu da sanda. Ga sawun Waliyyu daga wurin tarin albasa, taku mai nisa, kan yatsu, gudun mutumin da bai tsaya tunani ba. Ga shi ya hau kan sawun tayar baya, wato mota ta riga ta wuce, shi ke bin ta. Ga inda takalminsa ya fita. Daga nan babu taku kuma, sai dogon layi a ƙasa gefen taya, inda ƙafa ke jan ƙasa, don rabin jikinsa kawai ya shiga ta taga, hannu ya kai sitiyari, ƙafa ba ta kai birki ba.

"Yanzu tsaya nan," ya ce wa Umar Faruk. "Ka manta da inda tayoyin sunka karkace. Dubi inda sunka dosa tun hwarko."

Umar Faruk ya miƙa ido. Layin ya tafi sak zuwa gindin mangwaron da ke ƙasan gangare, inda aka kewaye da zana don mata masu tsince albasa su sake ba tare da maza na kallonsu ba. Zanar ce ta hana su ganin abin da ke tahowa, ƙarar kawai suka ji. Tsakanin inda tayar ta karkace da zanar bai fi tsawon tabarma ba.

"Su wa ad da aiki nan jiya?" maigari ya tambaya.

Kowa ya sani. Mata ne na gidaje da yawa, da 'ya'yansu kwance a inuwa. Cikinsu har da Barakatu, matar Umar Faruk, da jaririyar da ko arba'in biyu ba ta yi ba. Gorar ta zame daga hannunsa. Ya durƙusa a wurin, ya dafa layin da ƙafar Waliyyu ta ja. Wani dattijo ya fara hamdala, sauran suka karɓa, wasu na kuka ba kunya. Alhaji Mas'ud ya zauna dirshan a ƙasa yana cewa Allah ya rufa masa asiri, motar ta tafi, ya yafe ta, da ta kai zanar nan da ina zai sa kansa.

Mamuda ya faɗi inda Waliyyu yake. Umar Faruk bai bari kowa ya riga shi ba, shi ya goyo shi a baya tun daga rumfar har kan tudu. Gudiya ta ratso maza ba ta ko gyara lulluɓi ba, ta riƙe fuskar ɗanta da hannu biyu tana ta sa masa albarka. Matan da ke bayan zana jiya sun ji labari, suka fito bakin hanya da goyonsu suna yi masa sannu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa sai sunkuyar da kai yake kamar wanda ake wa faɗa.

Maigari ya yi gyaran murya. Ya ce Alhaji ba zai ƙara shigo da mota fadama ba sai Kamaluddeen ya ce birkinta ya kama, Magaji kuma ya canza tiyo. Sannan ya juya ga Waliyyu.

"Garin ga ya zalunce ka jiya, kuma kai kat tsare mai ɗiya. Hwaɗi abin da kaka so. Gona ta, ko jari?"

Da Waliyyu ya yi magana, sai da mutane suka matso don su ji.

"Ranka shi daɗe, ban son komi. Abu guda na. In na taho masallaci, a bar tashi ana zare makullan babura. Ina gani, ko na yi kamar ban gani ba."

Kowa ya dubi ƙasa, don kowa ya taɓa yi, har liman. Mamuda ma, da ba ɗan garin ba, sai da ya ji kunya ta kama shi.

Aka kai Waliyyu wurin mai ɗori, aka ɗaure hannun da karare. Mamuda ya so ya kama hanyar Maiyama, maigari ya ce sai ya yi La'asar da su. Yana alwala a ƙofar masallaci ya hango Waliyyu tafe yana ɗingishi, hannu rataye a wuya. Halin aiki ba ya barin mutum, sai idon Mamuda ya koma kan baburan da ke jere. Mutane ba sa canzawa a yini guda. Wani ya kai hannu aljihu ya taɓa makullinsa, wani ya yi kamar zai koma wurin babur ya fasa.

Umar Faruk ne ya iso a ƙarshe. Ya kafe babur ɗinsa, ya zare makullin, ya tako har gaban Waliyyu ya saka masa a aljihun riga.

"Riƙe min, aljihuna ya huje," ya ce.

Ya kama masa hannun mai lafiya, ya shigar da shi sahun gaba.